KU KOYA MASA KARANTA FUSKA

Ya kai maigida, ko a Boɗinga ka ke, ko Sifawa, ko Shagari, ga magana a kan ɗanka ko ƙanenka wanda ciwon taɓin hankali ya kama.

Ciwon da mu ke nufi shi ne wanda likitoci ke kira sikizofiriniya. Yawanci yakan kama saurayi ko budurwa a farkon ƙarfinsu. Mutum ya riƙa jin muryoyi alhali ba mai magana, ya riƙa zaton ana ƙulla masa sharri, ya janye jiki daga jama'a. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum 1 cikin 300 ke da shi. Ka ga kuwa ba gidanka kaɗai ba ne.

Akwai wata ɓarna da ciwon nan ke yi wadda ba a cika lura da ita ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, shi mai wannan ciwo sau da yawa fuskar ba ta ba shi labarin daidai. Uwarsa ta kawo masa tuwo, ta gaji da surfe, shi kuwa sai ya ga fushi, ya ture akushi. Ƙanensa na dariya da aboki a zaure, sai ya ɗauka da shi a ke. Kai kuma ka ce taurin kai ne, ka hau shi da faɗa, zaton nasa ya tabbata. Masu bincike sun ga idonsa ba ya daɗewa a kan idanu da bakin mai magana, inda labarin ya ke. Maganin asibiti yana kwantar da muryoyin nan, amma ta wannan wajen aikinsa kaɗan ne.

Ra'ayinmu shi ne a koya masa, kamar yadda a ke koya wa yaro baƙi da wasali. A Dusaldof ta ƙasar Jamus likitoci sun shirya irin wannan koyarwa, zama 12 cikin mako 6, ana nuna wa majinyata hotunan fuskoki: murna, baƙin ciki, tsoro, fushi, ƙyama da mamaki. A 2005 suka ba da labari cewa waɗanda aka koya wa sun ƙara gane fuska.

Kai ba ka da kayan aikinsu, amma kana da mutanen gida. Bayan la'asar, sa'ad da hankalinsa ke kwance, ku zauna a tabarma ku biyu. Fara da murna da fushi kaɗai. Yi fuskar, ka ce, “Dubi girata, dubi bakina, me ka gani?” Bari ya faɗi abin da ya gani tukuna, sa'an nan ya faɗi sunan abin. In ya yi kuskure kada ka yi tsaki, kada kuma yara su taru suna dariya. In ya gaji ku tashi, gobe ma rana ce. In waɗannan sun zauna, a ƙaro tsoro da baƙin ciki, don su ne suka fi rikita shi.

Wani zai ce, ai a wurinmu yaro ba ya ƙura wa babba ido. Gaskiya ne, kunya da kara abin yabo ne. Amma mai lafiya ne ke gane abin da aka ɓoye cikin kara. Wannan kuwa sai an faɗa masa da baki. Uwargida ta ce, “Gajiya na yi, ba fushi na ke da kai ba.” Maganar ba ta da tsada. Tun wajen 1960 likitocin Ingila suka lura cewa gidan da a ke yawan kushe majinyaci, nan ciwon ya fi komowa.

Wanda aka sa a mari, aka rufe a ɗaki, fuskar wa zai koya? A 1954 Likita Lambo ya zaunar da majinyatansa cikin ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, kowa da danginsa, ana yi musu magani cikin mutane. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kare haƙƙin irin waɗannan bayin Allah.

Sai dai kada ka ce koyarwar nan ta isa. Lalle ya ci gaba da shan magani yadda likita ya faɗa, ko da ya ga sauƙi. In barci ya ƙaurace masa, ko ya daina cin abinci, ko ya fara maganar cutar da kansa, kada ka jira a gama girbi. Kai shi asibiti mafi kusa, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware, ka tafi da katinsa da sauran maganin da ke hannunsa.