Fitilar Tirela Ba Ta Ƙarya: Me Ya Sa LED Ke Ƙiftawa?

Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela da dare a hanyar Kaduna zuwa Kano ya san cewa ransa yana rataye ne da jajayen fitilu biyu. Su ke faɗa masa faɗin abin da ke gabansa, su ke gaya masa an taka birki. Idan suka fara ƙiftawa babu dalili, na baya ba zai iya bambance birki da sigina ba. A gudun kilomita 100 cikin awa, mota tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, saboda haka ruɗanin daƙiƙa guda ya isa ya zama makoki.

Tun da fitilun LED suka maye gurbin tsohon ƙwai, wannan ƙorafi ya yawaita, daga manyan tireloli har zuwa ƙananan da ake ja da motar gida. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne fitilar jabu ce. Ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta an bar jaki ne ana dukan taiki. LED ba ta kawo cutar ba, tona ta kawai ta yi.

Tsohon ƙwai yana haske ne idan siririyar wayar da ke cikinsa ta yi zafi, kuma zafi ba ya zuwa ko tafiya nan take. Idan wuta ta yanke na ɗan ƙanƙanin lokaci, wayar ba ta gama hucewa ba wutar ta dawo, ido bai ga komai ba. LED kuwa ba ta da wannan sutura: wuta na zuwa ta kama, tana yankewa ta mutu. Ga kuma bambancin ci. Ƙwan sigina mai wat 21 a motar da ke aiki da bolt 12 yana jan kusan amfiya 1.75, alhali LED ɗin da ta gaje shi ɗan kaso kaɗan na wannan take ja. Wuta mai ƙarfi takan keta 'yar tsatsar da ke bakin fulogi ta wuce, mai rauni kuwa sai ta tsaya a ƙofa.

Babban mai laifi shi ne hanyar komawar wuta. Wutar da ta bar batir dole ta koma gare shi. A tsarin fulogi mai baki huɗu na Amurka, da mai baki bakwai na Turai, farar waya aka ware wa wannan aiki. Amma idan ta tsinke, ko ƙusar da ta ɗaure ta da ƙarfen tirela ta yi tsatsa, wutar sai ta nemi hanya ta mahaɗar da ta ƙulla tirela da kan mota. Wannan mahaɗa kuwa ƙarfe ne mai motsi, an shafe shi da giris, ƙura ta zauna a kai. Kowane rami a kan titi yana yanke hanyar ya sake haɗa ta, fitilar kuma tana ba da labarin kowane rami.

Salon ƙiftawar ma shaida ne ga mai lura. Idan tana bin girgizar hanya, ta daina da an tsaya, a nemi sako-sako ko tsatsa. Idan an taka birki sai sauran fitilu su dusashe, ko a kunna siginar hagu ta dama ta amsa, wutar ce ta rasa hanyar komawa take bi ta cikin maƙwabta. Gwajin ba ya cin kuɗi: a ja waya guda daga gefen batir mai alamar ragi zuwa ƙarfen tirela da aka kankare. In ƙiftawar ta tsaya, shari'a ta ƙare.

Akwai wani nau'i da ba na tsatsa ba. Motocin zamani suna da kwamfutar da ke aika gajerun bugun wuta zuwa fitilu don ta tabbatar ƙwai bai ƙone ba. Bugun bai isa ya ɗumama tsohon ƙwai ba, amma ya isa ya haska LED. Alamarsa ita ce ƙiftawa mai tsari, ko da mota tana tsaye an kashe fitilu. Haka ma siginar da ke gudu fiye da kima: ƙa'idar da aka saba ita ce sau 60 zuwa 120 a minti, amma na'urar da ta ga cin wuta ya ragu sai ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta ninka sauri don ta gargaɗi direba.

A nan ne nake sabawa da maganin da ya fi karɓuwa, wato liƙa rizista mai om 6 domin ta sha wutar da ƙwai ke sha a da. Masu yin haka suna da hujja: tana da araha, kuma ƙiftawar takan tsaya. Sai dai tana zafi ƙwarai, har ta iya narkar da roba ko rigar waya. Mafi muni, tana yaudarar motar: ranar da LED ɗin ta mutu da gaske, rizistar tana nan tana shan wuta, direba ba zai sami gargaɗi ba. Inda kwamfuta ce sanadi, akwatin wayarin tirela da aka yi domin irin motar, mai ɗaukar wutarsa kai tsaye daga batir, shi ne gyaran gaskiya. Inda tsatsa ce, rizista ba ta warkar da komai.

Komawa ga tsohon ƙwai ma ba mafita ba ce. Yana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya cika haske, wanda a wancan gudun ya haura mita biyar da aka sace wa na baya.

Don haka mai tirela, ko manajan da ke sa hannu a takardar gyara, ya sauya tambayarsa. Kafin ya ce nawa ne sabuwar fitila, ya ce a nuna masa farar waya da inda aka ɗaure ta. Wanda zai amfana da amsar ba ya cikin garejin, yana can bayan tirelar da iyalinsa cikin duhu.