Ungozomar da kuke zagi, wa ya taɓa tambayar lafiyarta?

Babu tasha, babu fadar masu shan shayi daga Yamai har Damagaram da ba a taɓa yin hirar ungozoma ba. Kowa da labarinsa: ta daka wa matata tsawa, ta bar ƙanwata tana naƙuda bisa tabarma, ba ta ɗaga ido ta dube mu ba sai da aka miƙa jika biyu. Ba mu ƙaryata kowa ba. Tun 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafi a kan wulaƙancin da marasa lafiya ke sha cikin asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, kuma Yamai na cikinsu. Wadda ta mari mai naƙuda ta cancanci hukunci. To amma hirar kullum nan take tsayawa, kuma tsayawarta nan ta yi wa masu mulki daɗi ƙwarai. Muddin talaka yana zagin ungozoma, ba zai tambayi wanda ya ajiye mace guda a ɗakin haihuwa dare da rana, ba safar hannu, ba mai canjinta ba.

Abin da ke cin matan nan yana da suna a wajen masana. A watan Mayu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta a matsayin lalurar da wurin aiki ke haifarwa, ta kuma faɗi alamunta uku: ƙarfi ya ƙare ƙaf, zuciya ta bushe ga aikin da ga mutanen da ake yi wa shi, sannan aikin kansa ya lalace a hannun mai yinsa. Jama'a, ku sake karanta alama ta biyu. Bushewar zuciyar nan da muke kira rashin imani, sau da yawa ita ce ciwon kansa ya fito fili. Yarinyar da ta fito daga lakkol ɗin kiwon lafiya ta Damagaram da farar riga da kyakkyawar niyya ba da baƙar magana aka haife ta ba. Ku ba ta shekara goma tana kwana gardi, tana karɓar haihuwa da hasken tocila, tana kallon mace na zubar da jini alhali motar ɗaukar marasa lafiya ba ta da mai, sannan ku dawo ku nemi murmushinta.

Lissafin ba mai wuya ba ne, ɗan kasuwa ya fi kowa gane shi. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kowace macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7,6 a tsaka-tsaki. Na 2021 ya ce 6,2. Ko da wannan ragin, muna sahun gaba a duniya. Kaya sun yi yawa, jaki guda. Tun 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar da ba ta da likita da ma'aikacin jinya da ungozoma 23 ga kowane mutum dubu 10 tana cikin ƙarancin da ya kai haɗari, kuma mu ko kusa ba mu kai ba. A Abuja, cikin 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya. Gomnatoci nawa suka shige a Yamai tun daga lokacin, na farar hula da na soja? Wacce ta cika?

Ramin kuwa an daɗe ana haƙa shi. Ma'aikatan da suka manyanta ba su manta da shekarun 1990 ba: an karya darajar sefa a Janairun 1994, albashi ya riƙa makara wata da watanni, aka taƙaita ɗaukar sabbin ma'aikata bisa sharuɗɗan masu ba da bashi. Daga nan aka saba da ƴan kwantaragi da masu bautar ƙasa da waɗanda ake kira ƴan sa-kai, wato mata masu takardar shaida a hannu da ke aiki kyauta shekara da shekaru da fatan wata rana a ɗauke su. Sai ga 2005 da 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka ce fiɗar haihuwa kyauta, awon ciki kyauta, maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Niyya mai kyau, ba mu musa ba, kuma ta ceci rayuka. Sai dai gomnati ce ya kamata ta biya asibitoci kuɗin, ita kuwa ta riƙa jinkiri har bashin ya kai miliyar-miliyar. Jama'a suka ƙaru a bakin ƙofa, magani ya ƙare a kanta. Minista ya yi shela a rediyo ya koma biro mai sanyi. Wa ya rage ya dubi idon uban yaro ya ce masa je ka saya a farmasi? Ita. Wa aka kira ɓarauniyar magani? Ita. Haka aka sake yi a 2020 lokacin korona, haka a 2023 da takunkumin CEDEAO ya toshe iyakoki, Nijeriya ta yanke wuta.

In ta sauka daga gardi da safe, wani aiki ke jiranta: girki, wanki, yara, surukar da ba ta da lafiya, da maigida mai ƙorafin cewa matarsa na kwana waje. Abokin aikinta namiji yakan miƙe ya yi barci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mata ne kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da jin daɗin jama'a a duniya, amma kashi 25 kawai na manyan muƙamai ke hannunsu. Wato masu tsara jadawalin gardi galibi ba su taɓa barin jinjiri mai shan nono a gida su tafi aikin dare ba.

Daga gajiya irin wannan zuwa ciwon damuwa taki ɗaya ne. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, kuka ba dalili, mutum ya ga rayuwarsa ba ta da amfani. Ciwo ne da ake warkarwa da magani da shawarar masana, kamar hawan jini. Amma wa za ta gaya wa? A ƙasar nan da ka ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai a ce Pavillon E, a yi dariya, a ce wance ta taɓu. Dangi su ce iska ce ko sammu. Shugaban aiki ya ce lalaci ne. Kowa ya ce ta yi haƙuri. Haƙuri dai, haƙuri dai, kalmar da ta fi kowace araha a bakin wanda ba shi ke ɗauke da kayan ba. Ita da ke rubuta wa wasu magani sai ta haɗiye nata ciwon, don tsoron kada a ce ba ta iya aiki a jefa ta wani ƙauye mai nisa.

Ƙungiyar ƙwadago ta SUSAS ma da sauran magana a kanta. Yajin aiki don alawus da ƙarin girma haƙƙi ne. Amma muna so mu ga lafiyar ƙwaƙwalwar mambobinta a saman takardar buƙatu, da babban baƙi, ba a ƙasan shafi ba. Ita kuwa ma'aikatar lafiya ta daina ruɗin kanta da tarurrukan koyar da kyakkyawar tarba a otal, inda ake raba kuɗin zama a watse. Ba a koya wa mai jin barci fara'a.

Abin da muke nema a bayyane yake. A ɗauki ƴan sa-kai da ƴan kwantaragin da suka shekara suna jira. A kafa doka mai ƙarfi cewa wadda ta kwana gardi ta huta washegari, kuma kada a bar mace guda ita kaɗai a ɗakin haihuwa da dare. A biya asibitoci kuɗin kyautar magani cikin lokaci. A sa masanin halayyar ɗan Adam a kowane babban asibitin jiha, a Maraɗi da Tawa da Damagaram da sauransu, wanda ma'aikaciya za ta gani a asirce ba tare da maganar ta shiga takardunta na aiki ba. Ku kuma alhazan kasuwa masu gina masallatai da raba zakka, ɗakin haihuwar unguwarku na buƙatar fitila mai aiki da hasken rana da gadon da mai gardi za ta kishingiɗa, kuma kuɗinsu bai kai na ragunan layya biyar ba.