Filin Dabbobi: Wurin Zaman Ɗan Kunkuru

Bayan ruwa ya sauka a Abzin, yaran da ke kiwo sukan tsinci ɗan kunkuru a bakin ƙorama ko a gindin aduwa. Bai fi ƙwan kaza girma ba. Sai a sa shi a aljihu a kawo gida, a jefa a cikin tsohon kwano ko gwangwani. Bayan sati biyu ko ukku sai a tarar ya mutu, a ce kwanansa ne ya ƙare. Sau da yawa kuwa ƙishirwa da zafin ƙarfe ne suka kashe shi.

Kafin a yi masa wuri, sai a san irinsa, don kunkuru ba iri ɗaya ba ne.

Na ƙasar Agadas shi ne babban kunkurun nan mai launin rairayi, mai ƙaho kamar na zakara a cinyoyinsa na baya. A duk Afirka, in an fid da tsibirai, babu kunkurun tudu da ya kai shi girma. Namiji yakan wuce kilo 50, yakan kuma haura shekara 50 a duniya. Ciyawa ce abincinsa. Yana haƙa rami mai tsawon mita da yawa, ya shige ya tsere wa rana.

Akwai kuma wani ƙarami da matafiya kan zo da shi daga kudu, wajen da ake samun ruwa da itatuwa da yawa. Ko ya girma, da kaɗan yake wuce santimita 20. Ƙoƙon bayansa yana da gaɓa daga baya. In ya ji tsoro sai ya lanƙwasa ta, ya rufe ƙafafunsa na baya da wutsiya kamar an tura ƙyaure. Jariri ba shi da wannan gaɓa, sai ya tasa take fitowa, shi ya sa mutane ke ruɗewa. A duba cinya: ba shi da ƙaho, bayansa kuma ya fi duhu. Wannan baƙo ne a Agadas. Ba ya jure busasshiyar iska, ba ya son rana mai ƙarfi, kuma ba ya ƙoshi da ciyawa kaɗai.

Ɗan kunkurun da aka gani a daji, abin da ya fi shi ne a bar shi inda yake. Ba maraya ba ne. Uwar kunkuru takan binne ƙwanta 15 zuwa 30 a ƙasa ta yi tafiyarta, ɗiyan su fito su nemi abincinsu da kansu. Babban kunkurun nan ya ragu ƙwarai daga Senegal har Sudan, saboda fari, da ƙarancin ciyawa, da masu kamawa su sayar. Tun shekara ta 2000 ƙasashen duniya suka hana fitar da wanda aka kamo daga daji don ciniki. A Nijar ma akwai dokar 1998 mai tsare namun daji, kuma gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988, da na Termit a 2012. Amma akwai gidajen da suka daɗe da kunkuru a tsakar gida, har yana yin ƙwai yana ƙyanƙyashewa. Akwai kuma wanda aka riga aka kawo daga nesa. Waɗannan su ne ke bukatar wuri.

A zaɓi gefen katanga inda rana ke faɗawa da safe, inuwa ta rufe shi kafin azahar. A kewaye shi da tubali, taki biyu a tsaye, taki ɗaya a kwance. Tsayin tubali biyu ya isa, amma a nitsa na ƙasa cikin ƙasa, don kunkuru gwanin haƙa ne tun yana ƙarami. Kada a shafe ƙasan da siminti. A zuba ƙasar garka gauraye da rairayi kaɗan. A kife rabin fasasshen tulu a wajen inuwa, ya zama ɗakinsa.

Nan ne maganar ruwa ta shigo, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Mutane da yawa suna cewa kunkuru ba ya shan ruwa. Yana sha. Babba yana iya daɗewa bai sha ba, don raminsa yana da sanyi da laima ko da watan Mayu ne, lokacin da zafin Agadas ke wuce 40. Jaririn da aka raba da rami ba shi da wannan gata. Saboda haka a yayyafa ruwa a ƙarƙashin tulun safe da yamma, ƙasar ta yi danshi amma kada ta zama taɓo. A binne sakaina ko murfin kwano daidai da ƙasa, a zuba ruwan da ba zai wuce haɓarsa ba, don kunkurun tudu ba ya iyo kamar kififiya. Bayan kwana biyu-biyu a sa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 15, mutum yana tsaye a kansa. In idonsa ya faɗa ciki, ko ya ƙi buɗewa, ƙishirwa ce.

Mai gaɓa a baya ya fi bukatar danshi. A ƙara masa inuwa, a baza busasshen ganye mai yawa da zai shige ciki, a riƙa jiƙa ganyen.

Ƙoƙon jariri taushi gare shi. Hankaka da shirwa suna ɗaukarsa, ɓera yana cin ƙafarsa da dare, kare yana tauna shi kamar ƙashi, ko kaza ma tana iya tsone masa ido. A rufe saman wurin da ragar waya ko ƙirare da aka saƙa. A kula da cinnaku. A watan Disamba da Janairu, da sanyin dare ya tsananta, a sa shi a kwando da ɗan harawa a shigar da shi ɗaki, da hantsi a mai da shi ya sha rana. Hasken rana shi ke ƙarfafa ƙoƙonsa.

Abincin na gida ɗanyar ciyawa ce da ganye: rama, yakuwa, zogale, ganyen wake. Sau biyu a sati a barbaɗa masa dakakken ɓawon ƙwai. Kada a ba shi tuwo, ko fura, ko nono, ko nama. Zai ci, amma bayansa zai tashi tudu-tudu, ƙodarsa ta lalace. Shi kuwa mai gaɓa, ban da ganye, yana cin tana, da ƙwari, da ɗan tumatir ko gwanda. Tumfafiya kada ta shiga wurin kowannensu, haka ma ganyen garkar da aka fesa wa maganin ƙwari.

Wasu kan huda gefen ƙoƙon su ɗaura igiya don kada ya ɓace. Ƙoƙon nan ƙashinsa ne, da jini a ciki, yana jin zafi. A hana yara kifar da shi, don in ya kwanta rigingine a rana ba ya daɗewa. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, saboda kashin kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar zawo da zazzaɓi, kuma ƙananan yara ta fi kamawa.

Na gida yana girma da sauri. Cikin 'yan shekaru wurin tubalin nan zai yi masa kaɗan, ya fara haƙa gindin katanga har ta tsage. Mai gidan da ya ga ba zai iya ba, kada ya sake shi a daji da kansa, don wanda ya zauna cikin kaji da awaki yana iya kai wa na daji cuta, mai gaɓa kuwa rani ɗaya zai kashe shi. Ya je ofishin ma'aikatan gandun daji da ke Agadas, ko wanda ya fi kusa da garinsu, ya gaya musu irin kunkurun da inda aka samo shi.