Idan waya ta ƙi shiga a hanyar Sabon Birni

A watan jiya na yi maku alƙawarin kawo labarin yadda matasan garuruwan mu na gabashin Sakkwato ke kallon finafinan Hausa, yanzu da kaset da faifai su ka zama tarihi. To, na kama hanyar gida don in cika alƙawari, amma abin da na gani a cikin mota tun kafin in isa shi ya cika mani littafi. Ku yi mani afuwa, labarin 'yan kallo sai wata mai zuwa.

Da sanyin safiya na shiga motar haya ƙirar Sharon a Sakkwato, za ni Sabon Birni, daga can in leƙa Isa. An danna mu ciki kamar buhunan albasa. Ba mu ko fita gari ba sai wani matashi a kujerar baya ya zaro wata 'yar na'ura da ba ta wuce girman sabulun wanka ba, ya ɗaga ta sama ya ce, "Jama'a, akwai Wi-Fi. Naira ɗari biyu har mu sauka!" Aka yi dariya, amma kafin mu wuce Achida mutum biyar sun miƙa kuɗi, har da ni. Ba abin mamaki ba ne, domin tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da na data a Janairun 2025, kowa lallaɓa datar sa ya ke yi.

Nan take mota ta koma gidan kallo. Na kusa da ni ya buɗe "Izzar So" a YouTube, wani ɗalibi a gaba ya na bin "Labarina", wata baiwar Allah kuma ta na ta sauraren saƙonnin murya a WhatsApp, duk motar mu na jin rigimar ankon bikin su. Ni kuwa ina haɗawa sai saƙonni su ka yi mani rubdugu. Oga edita ya na tambayar ina rahoto na. Wani furodusa ya na ƙorafin an sa hoton jarumar sa ƙarami. Wani mawaƙi ya turo sabuwar waƙa, bayan minti biyar ya sake turo, "Ka ji kuwa?" Da na yi shiru sai ya kira: "Haba ɗan jarida, ai na gan ka a onlayin!"

Gaskiya rai na ya ɓaci. Na ce a zuciya ta, wai yanzu ko a cikin mota mutum ba zai samu ya runtsa ba? Manyan mu a wannan aiki su na ba mu labarin yadda su ke yi kafin zuwan GSM a watan Agustan 2001. Idan ka na neman ɗan wasa, sai ka taka har ofis a Kano ka zauna a benci, in an ce ya tafi lokeshin ka bar sallahu ka dawo gobe. Shi ma ɗan jarida in ya shiga mota ya ɓace kenan sai ya sauka. Yau kuwa 'yan fim kan su kuka su ke yi. Na sha jin jarumai mata su na cewa dole su riƙe layi biyu, ɗaya na gida, ɗaya na masoya da furodusoshi, kuma duk da haka ƙarfe biyun dare wani zai kira don kawai ya ji murya.

Wannan kuka ba mu kaɗai ke yin sa ba. A Landan an sa Wi-Fi a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa a 2012, shekarar da su ka karɓi wasannin Olamfik. A Nairobi ta ƙasar Kenya, kamfanin Safaricom ya fara sa wa motocin haya da su ke kira matatu intanet a 2013. Wurin da ma'aikaci ke ɗan samun sararawa tsakanin gida da ofis sai ya zama wani ofishin. Abin ya kai ga a Faransa an yi doka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2017, wadda ta tilasta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama su zauna da ma'aikatan su a tsara lokacin da mutum ke da 'yancin ƙin amsa saƙon aiki. Ina cikin wannan tunani har na fara tsara yadda zan rubuta maku cewa mu ma a industiri mu na buƙatar irin ta.

Sai mu ka wuce Goronyo.

Ba mu yi nisa ba hoton "Izzar So" ya tsaya cak, 'yar da'irar nan ta na ta juyawa a fuskar waya. Mai Wi-Fi ya miƙa na'urar sa ta taga, ya jijjiga ta, ya kashe ya kunna, shiru. Ga wanda bai sani ba, wannan na'ura ba ta ƙirƙirar sabis. Layin waya ne a cikin ta kamar na kowa, ta na jawo sabis daga turken da ke kusa, sannan ta rarraba wa wayoyin da ke kewaye da ita. Idan babu turke a kusa, ko injin sa ya mutu don motar da ke kai masa man dizal ta kasa zuwa, to ita da sabulun wankan duk ɗaya ne.

Na ɗauka za a yi ta tsokanar yaron a ce ya dawo da kuɗi. Ko mutum ɗaya bai yi magana ba. Motar da ɗazu ta ke kamar gidan biki ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar inji da "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" da wata tsohuwa ke maimaitawa. Wani dattijo da ke gefe na ya na riƙe da 'yar ƙaramar waya mai tocila, ya na duban ta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na ce, "Baba, lafiya dai?" Ya ce, "Ɗana, wanga wuri shi na ka tsoro. Kowane gari mun ka kai sai na kira gida. In an ka yi rabin awa ba su ji ni ba, to can an fara salati."

Sai a lokacin na lura da direban mu. Tun daga tasha ya ke ta kiran 'yan'uwan sa direbobi da su ka riga shi fita, tambaya ɗaya ce: "Ya hanya?" Su ce, "Lafiya lau, taho." Ni da na ke jin haushin yawan wayar sa, ashe da ita ya ke gano mana abin da ke gaba. Da sabis ya ɗauke, sai ya koma duban motocin da ke tahowa. In an daɗe ba a ga ko ɗaya ba, sai ya rage gudu, kowa ya sha jinin jikin sa.

Mutanen wannan yanki ba su manta ba. A watan Disambar 2021 'yan bindiga su ka tare wata motar fasinja kusa da ƙauyen Gidan Bawa, tsakanin Sabon Birni da Isa, su ka cinna mata wuta da mutane a ciki. 'Yan sanda sun ce mutum 23 ne su ka rasu, mutanen gari kuma su na cewa adadin ya wuce haka. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗan sa a kan wannan hanya ta Sakkwato zuwa Sabon Birni, kuma a watan Agusta labarin rasuwar sa a hannun su ya fito. Allah ya jiƙan su baki ɗaya. Wanda ya san wannan ba zai ga laifin uwar da ke kiran ɗan ta sau goma a tafiya ɗaya ba.

Mun kuma ɗanɗana zama babu waya gaba ɗaya. A Satumbar 2021, bayan an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara, gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sanar da katse su a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, ciki har da Isa da Sabon Birni, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai masu rahoto. Ina makaranta a lokacin. Sai da mu ka koma zamanin kakanni: ka rubuta wasiƙa ka ba direba, ka jira amsa bayan kwana biyu. Masu POS su ka nannaɗe lema. Masu tura finafinai a waya su ka koma ba direbobi memori a ciko masu daga Sakkwato. Waɗanda ke kusa da iyaka kuwa su ka nemi layin Nijar, su na hawa tudu su na laluben sabis ɗin da ke tsallakowa daga ɓangaren Maraɗi. Abin takaicin shi ne, tudun da talaka zai hau ya samu sabis ɗin Nijar, ɗan bindiga ma ya san shi.

Kada a ce na manta da ɗaya gefen. Wayar da direba ke tambayar hanya da ita, irin ta infoma ke amfani da ita ya faɗi wace mota ta taso da wa ke ciki. Da ita ake cinikin kuɗin fansa, duk da umarnin haɗa layi da lambar NIN da aka bayar tun Disambar 2020. Kuma ta cikin ta bidiyon marigayi Sarkin Gobir ya zagaya duniya, dattijo a ɗaure ya na neman agaji, mutane su na turawa daga wannan guruf zuwa wancan kamar tallar sabon fim. Jama'a, wannan ba fim ba ne. Babu daraktan da zai ce "kat" a tashi a wanke jini. Mutumin da ke ciki uban wasu ne, kuma su ma su na da waya.

Saboda haka ina da roƙo. 'Yan'uwa na 'yan fim, musamman masu fita ƙauyuka ɗaukar shiri: ku daina sa hoton lokeshin a Instagram da TikTok alhali ku na wurin. Ku bari sai kun dawo gida. Masoyin gaskiya zai jira, wanda ba ya iya jira kuwa ba ku san ko wane ne ba. Fasinjoji kuma, a rage ɗaga murya a mota ana cewa "na sayar da shanun, kuɗin na jiki na", ko "za mu iso da la'asar, mu na cikin farar Sharon". Baki shi ke yanka wuya. Haka nan kada ka hau Wi-Fi ɗin wanda ba ka sani ba ka shiga asusun bankin ka. Kallon fim daban, harkar kuɗi daban.

Marubuta da daraktoci, ku ma ga naku. A yawancin finafinan mu, waya ba ta ƙara sai in saurayi zai kira budurwa, ko kishiya za ta kira boka. Ga labari nan a kwance a hanyar Gobir babu wanda ya ɗauka: uwa a tsakar gida da waya a hannu, ɗa a cikin mota inda babu sabis, da awa ɗayan da ke tsakanin su. Ba ya buƙatar gidan bene ko jibgegiyar mota. In har aka yi shi da kyau, na tabbata mutanen Isa da Shinkafi da Gatawa za su ce yau an yi fim da su.

Hukumomi da kamfanonin waya kuwa, kafin a fara yi mana burgar sa intanet a motocin gwamnati a manyan birane, a dubi turakun da ke kan hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni, da ta Marnona zuwa Isa wadda ta ratsa dajin Gundumi. A ba su tsaro, a kai masu mai. Mu nan ba mu kai ga neman sabis ɗin kallon fim ba tukuna. Wanda zai isa a ce "mun wuce lafiya" ma ya wadatar.

Da mu ka hango gari, wayoyi su ka fara ƙara lokaci guda kamar an saki 'yan tsaki. Dattijon nan ya kara tasa a kunne ya na cewa, "Mun iso, mun iso, ku kwantar da hankali." Ni ma tes ya shigo cewa an neme ni sau bakwai, duk lamba ɗaya. Ina kira, ko sallama Inna ba ta bari na gama ba: "Kai ɗan nan, mi ya hana ka ɗauka? Tun ɗazu ban iya ko shan hura ba!" Na ce, "Inna, sabis ne." Ta ce, "To Alhamdu lillahi," sai na ji muryar ta ta na rawa.

Har yanzu ina nan a kan baka na cewa ɗan jarida da ɗan fim su na da haƙƙin su kashe waya su yi barci. Mawaƙin nan ma na faɗa masa ya daina ƙirga mani mintoci. Amma tun daga ranar na ware wa lambar Inna ƙarar ta daban, kuma ba na shiga motar gida sai na cika caji. Oga edita, in ka kira ka ji shiru ina gari, to barci na ke yi, ka yi haƙuri. In kuwa ka san ina hanyar Sabon Birni ne, ka sa ni a addu'a.

Ku da ke bin wannan hanya, direbobi da fasinjoji, ku aiko mana da yadda ku ke fama, za mu buga. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.