Ɗakin alfarma a kan teku da haƙƙin mai hidima

Manyan jiragen ruwan shaƙatawa kan ɗauki dubban mutane. Icon of the Seas kaɗai na iya kwasar fasinja fiye da 7,000. Amma masu hannu da shuni sun fi karkata ga ƙananan jirage, inda cunkoso ya yi kaɗan, hidima kuma ta yi yawa. A jirgin Seven Seas Explorer, wanda ya fara aiki a 2016 da fasinja kusan 750, akwai ɗaki guda da faɗinsa ya haura murabba'in mita 400, har da fiyano a ciki. Kamfanin Silversea kuwa yakan haɗa kowane ɗaki da hadimi.

Muhawarar da aka saba yi a nan ita ce ta almubazzaranci, da kuma giyar da irin waɗannan kamfanoni ke cusawa cikin kuɗin tafiya ko mutum ya sha ko bai sha ba. Duka biyun abin dubawa ne, kodayake jin daɗin dukiyar halal ba laifi ba ne a karan kansa. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ke ƙwanƙwasa ƙofa da tiren shayi.

Da yawa daga cikin ma'aikatan nan 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, waɗanda kan yi wata da watanni ba su ga iyalinsu ba, suna kwana a ƙananan ɗakuna can ƙasan jirgi. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce kada hutun ma'aikaci ya gaza awa 10 a yini da awa 77 a mako. Mai karatu ya yi lissafi: doka ta bar ƙofar aikin awa 91 a mako. A 2020, lokacin annobar korona, an sauke fasinjoji, dubban ma'aikata kuwa suka maƙale a kan teku tsawon watanni.

Manzon Allah (SAW) ya ɗauki masu hidima a matsayin 'yan'uwan waɗanda suke yi wa aiki, ya kuma hana a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Biyan kuɗi ga kamfani bai sauke wannan nauyi daga wuyan baƙo ba. Wani zai ce da kuɗin fasinja ake ciyar da gidaje a Manila da Jakarta. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a ƙaurace wa tafiyar ba. Sai dai wanda ya shiga irin wannan ɗaki yana da iko a kan baccin wani. Zai iya barin kiran tsakar dare saboda abin da zai jira safiya, ya kuma yi tunani kafin ya rubuta ƙorafi a takardar jin ra'ayi ta ƙarshen tafiya, domin ƙorafi a kan shayin da ya huce na iya shafar kwantiragin da hadimin ke fatan a sabunta masa.