Maganin farfaɗiya da matsalar fitsari: Kunya na raba majinyata da maganinsu

Ma'aikacin da ke kwana a Suleja yana aiki a Sakatariyar Tarayya ya san abin da ke jiransa kowace safiya: cunkoson Madalla, na Zuba, sannan doguwar hanyar Kubwa. Ga mai lafiya, wannan ɓata lokaci ne kawai. Amma ga mai shan maganin farfaɗiya da fitsari ke matsa masa a kai a kai, ko yake ƙin fita sai da yunƙuri, tafiyar jarrabawa ce ta kullum, wadda ba ya iya faɗa wa ko da abokin zamansa a ofis.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ne ke fama da farfaɗiya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan sun samu maganin da ya dace. Sai dai magungunan da ke kwantar da ƙwaƙwalwa kan taɓa jijiyoyin da ke sarrafa mafitsara. Carbamazepine, wanda ake yawan rubutawa a Najeriya, kan sa wasu riƙewar fitsari ko yawan yinsa. Sodium valproate kan mayar da wasu yara fitsarin kwance bayan sun daina. Topiramate na ƙara yiwuwar samun tsakuwa a ƙoda, musamman ga wanda ba ya shan isasshen ruwa a lokacin zafi. Ba kowa ne ke gamuwa da waɗannan matsaloli ba, kuma galibi suna da mafita.

Babban haɗarin shi ne abin da kunya ke jawowa. Magidancin da alwala ta daina zama masa, ko uwar da ta gaji da shanya katifa, sai su yanke shawarar ajiye ƙwayoyin a ɓoye. Nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago, domin barin maganin farat ɗaya na iya dawo da farfaɗiya mai tsanani da ba ta tsayawa, wadda kan kai ga rasa rai. Haka kuma, jiƙa shimfiɗa da dare na iya zama alamar cewa ciwon ne ke tashi cikin barci, wato magani ne bai isa ba. Ciwon siga da ciwon sanyi ma kan kawo irin waɗannan alamomi. Likita ne kaɗai zai bambance su, ya rage magani ko ya sauya shi sannu a hankali.

Saboda haka nauyin ya rataya a wuyan ɓangare uku. Ya kamata likitoci da masu ba da magani, daga Babban Asibitin Suleja har Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, su riƙa fara tambayar majinyaci yadda fitsarinsa yake, tunda shi ba zai fara ba. Hukumar inshorar lafiya ta NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa, ya dace ta sauƙaƙa tura ma'aikata da iyalansu zuwa ga ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa, kada takardar izini ta cinye makonni. Majinyata kuwa su sani cewa NAFDAC ta ƙaddamar da manhajar Med Safety a 2020 domin karɓar rahoton illar magunguna, kuma rahotonsu zai amfani wasu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ga sauyi a fitsarinsa bayan fara magani, ya rubuta ranar da abin ya soma, ya kai wa likitansa, ya kuma ci gaba da shan maganin kafin a duba shi. Wanda fitsari ya ƙi fita masa gaba ɗaya, mara na ciwo, wannan ba ya jiran gobe: asibiti zai nufa nan take.