Kunyar Wake da Shinkafa

'Yan'uwa, wata muguwar al'ada ta shigo mana Zongo. Tun da KFC ya buɗe a Osu a 2011, waɗansunmu in an tashi sujada ran Lahadi sai su kwashi iyali zuwa can, su ƙarar da kuɗin cefane a kan soyayyar kaza. In ka ce a tsaya wurin mai wake da shinkafa a Nima, sai su yatsine fuska.

Ina abin kunya a nan? Dukan Ghana tana cin koko da tuwon zafi, tana kiransu da sunan da kakanninmu suka ba su. Matan Nima, Maamobi da Tudu masu hura wuta tun asuba, har da gwauraye, da wannan ciniki suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Sun ce tsabta ce hujjarsu. Gaskiya ne, kwalara ta kashe fiye da mutum 200 a Ghana a 2014. Amma ƙazamin ruwa da toshewar lambatu suna cikin manyan abubuwan da suke yaɗa ta. Wanda tsabta ta dame shi, bari ya fito gayya a yashe lambatu, a matsa wa hukuma ta kawo ruwan famfo. Bayan cin kazar Osu, ai a Nima yaranmu za su kwana.